Ɗorawar Inna a Gaban Alƙali

Sau ɗaya tak na taɓa kai ƙarar mutum, kuma taubashina ne, ɗan kawuna, wanda muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya a Rawayau. Lokacin ana ta zancen mulkin kai, ni kuwa ina da 'ya'ya biyu, ga ni da baki kamar reza.

A kan ɗorawa muka saɓa. Da aka raba gadon kakanmu, gona ta faɗa wa kawu, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma aka ce ta Inna ce, mahaifiyata. Da baki aka yi, a gaban dattawa, don a wurinmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Da kalwar itacen nan Inna ta yi daddawar da ta rene mu. Bayan ta rasu, kawu ma ya bi ta, sai wata bazara na je da ƙugiyata na tarar taubashin nan nawa ya kakkaɓe ta tas.

"Kai, bawana, wa ya aike ka?" na ce.

"Baiwata, tahi gida," ya ce yana dariya. "Icce na cikin gonata. Alheri ne baba ya riƙa yi ma Inna."

Dariyar ce ta ƙona ni. Maigidana ya ba ni haƙuri, na ce haƙuri ya ci kansa. Washegari na ɗaura gyale na taka har Kurfi.

Kotun zaure ce babba, alƙali a kan buzu, magatakarda a gefe, ɗan doka a bakin ƙofa yana hamma. Kafin a zo kanmu sai da aka raba wasu a kan jakin da ya ci dawa, aka kuma tura ɓarawon zabi gidan yari. Ranar da aka kira mu, abokin shari'ata har gyaɗa ya miƙo mini a waje. Na karɓa, don faɗa daban, gyaɗa daban.

Na zuba bayani kamar ruwan Agusta. Alƙali ya bari na gaji, sannan ya ce, "Ina shaidunki?"

"Allah ya gafarta malam, duk sun riga mu gidan gaskiya."

"To, hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kai, ka iya rantsewa?"

"Na iya," in ji shi.

Aka ba shi buta ya fita alwala. Mun taso muna jin cewa wanda ya dafa Alƙur'ani a kan abin da ba haka yake ba, ba ya ganin baɗi lafiya. Na san ba ƙarya yake nufi ba, iyakar saninsa ke nan. Amma ni na san itacen na Inna ne. Da ya dawo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya miƙa hannu, sai na ji tsoro ya kore fushin gaba ɗaya.

"Kada ka taɓa!" na ƙwala ihu, har ɗan doka ya farka. "Malam, na bar mashi! Ya ci iccen har saiwa!"

Alƙali ya dube ni. "Kin gane ba naki ba ne?"

"Nawa ne! Shi ya sa ban son sakaran nan ya rantse."

Zauren ya kwashe da dariya, magatakarda har ya ajiye alƙalami. Taubashina kaɗai bai yi ba. Ya janye hannunsa a hankali, ya ce, "Allah ya gafarta malam, wagga mata ko ƙwai ba ta bar ma kowa. In har ta bar ɗorawa don ni, to gaskiya ta faɗi."

Alƙali ya ce tunda mai ƙara ta janye, shi ba shi da sauran magana, mu tashi mu ba shi wuri.

Ban sake ɗaukar ƙugiya ba. Duk bazara shi ke hawa ya kaɗo, ya ɗoro wa jaki har ƙofar gidana, yana ƙorafin an mayar da shi bawa da gaske. Shekara ashirin da wani abu yana haka. Bazarar da ya rasu, ina zaune ban sa rai ba, sai ga babban ɗansa da jaki.

"Gwaggo," ya ce, "ga ɗorawarki. Baba ya ce kada mu sake mu manta ta wace ce."