Kicin a Bayan Igwa Ta Uku

Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, bai taɓa harbin kowa ba. Ranar da aka gama horar da su, wani kofur ya tsaya a gabansu ya tambaya ko akwai wanda ya iya dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Shi kuma ya ɗaga hannu, a zatonsa aikin yini ɗaya ne. Daga ranar sunansa ya ɓace. Kuku ake ce masa a bariki, Kuku aka ce masa a bakin daga, har yanzu da ya yi ritaya yana dafa wa ma'aikatan wani kamfanin katako abincin rana, Kuku ne. Matarsa kaɗai ke ce masa Baban yara, ita ma sai ta zo gabansa ta ɗaga murya kafin ya san da shi take.

Kunnensa ne ya mutu. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura ɗan kaɗan, ga wata ƙara a cikinsa da ba ta hutawa, kamar ruwa na tafasa a tukunya. Shekara goma sha ɗaya ke nan abin yana cinsa a hankali. Hirar gidansa ta ƙanƙance ta koma "ka ci?" da "ga ruwa" da "an zo nemanka". Idan 'ya'yansa suka kira waya daga inda suke aure da aiki, sai ya kara ta a kunne ya ce "to, to, Allah ya yi albarka", ya miƙa wa uwarsu. Likitan kunne ya rubuta masa a takarda cewa na daman zai iya amfanuwa, in aka sa masa na'urar ƙara ji aka riƙa duba shi a kai a kai. In ba haka ba, zai bi ɗan'uwansa. Na'urar ta fi ƙarfin aljihun mai dafa abinci. Hukumar 'yan mazan jiya tana bayarwa, amma sai ta yarda cewa aikin soja ne ya jawo ciwon.

Ya cike fom, ya jira wata bakwai, amsa ta zo a layi biyu. Bisa ga fayil ɗinsa, aikin mai nema girki ne. Babu abin da ya nuna ya yi aiki kusa da manyan bindigogi.

Wanda ya rubuta wannan, Allah ya sani, yana tsammanin sojoji gida suke komawa cin abincin rana. Wata goma sha huɗu Kuku ya yi tare da rukunin masu harba igwa. A ƙa'ida kicin can nesa ake kafa shi a baya, a riƙa kawo abinci a mota. To amma sajan ɗin rukunin mutum ne da bai iya cin abinci mai sanyi ba, ko kashe shi za a yi. Mako ɗaya ya jure, ya sa aka tuge tantin kicin aka dawo da shi bayan igwa ta uku, taki arba'in tsakaninsu. Masu harbi an raba musu abin toshe kunne. Kuku ba a ba shi ba, don a takarda ba ya wurin. Duk sanda aka harba, murafen tukwanensa sai sun yi tsalle, shi kuwa ya dafe su ya ci gaba da yanka albasa.

Ya ɗauki takardar ya je ofishin hukumar. A tebur na huɗu akwai wata mata mai tabarau, wadda ta saba da tsofaffin sojoji har ta san ta wane gefe za ta tsaya musu. Ta karanta, ta matso kusa da kunnensa na dama.

"Baba, kana da kwana casa'in ka ɗaukaka ƙara. Shaida ɗaya nake so. Wanda ya yi aiki da kai a wurin, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ba ni cikakken suna da lambar aiki, in nemo maka shi."

Kuku ya yi murmushi, don mutum ɗari da ashirin ya ciyar a wurin, sau uku kullum. Ya buɗe baki zai fara lissafo su, sai ya tsaya. Akwai Ƙara-Mini. Akwai Ba-Albasa, wanda ke tsince ta ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefen faranti. Akwai Bahago, da Mai Kofi Biyu, da shi kansa Sajan Da-Zafi. Duk 'yan kicin ne suka laƙaba musu. Ya san wanda ke fara cin nama da wanda ke ɓoye shi ƙarƙashin shinkafa sai ƙarshe, amma sunan yanka na ko mutum ɗaya bai riƙe ba, balle lamba.

Matar ta yi dariya, sai kuma ta ga fuskarsa ta daina.

"Baba, kwamfuta ba ta san Ba-Albasa ba. Rukunin naku kuma an rushe shi tuni, jerin sunayen ba a hannunmu yake ba."

Kwana huɗu ya yi yana juya maganar. A na biyar, yana tsaye yana zuba wa 'yan katako abinci, ya lura cewa ko da bai ɗaga kai ba ya san wa ke gabansa, daga yadda mutum ya miƙo faranti. Fuska tana canjawa. Shekara ashirin ta isa ta kwashe gashi da haƙora ta ƙara tumbi. Amma bai taɓa ganin wanda ya sake yadda yake cin abinci ba. Kuma ya san inda tsohon soja ke zuwa ko ba jima ko ba daɗe, wato asibitin 'yan mazan jiya.

Ya roƙi manajan kamfanin ya ba shi Talata da Alhamis, ranakun da ake ganin likita. Manajan ya yi ƙorafi ya yarda. Kuku ya riƙa zuwa ɗakin cin abinci na asibitin tun sha biyu, ya sayi shayi kofi ɗaya, ya zauna a kusurwa inda yake ganin tebura goma sha biyun duka. Ɗaki ne mai farin fenti, fanka uku, ɗaya ba ta juyawa. Tsofaffi na shigowa da sanda, da bandeji, da ledar magani a hannu, su ci su tafi. Shi kuwa hannayensu yake bi da ido. Ya ga masu tsince albasa har uku, amma ba wanda ya jera ta. Ya ga bahagwai da yawa, babu nasa. Abincin wurin ma ya dame shi, don daga inda yake zaune yana ganin an tsuga wa miya ruwa, kuma ba ya da bakin magana. Matan kicin da farko sun ɗauka mai bincike ne aka turo, suka gyara ɗaurin kai. Daga baya suka yanke cewa kaɗaici ne ke damun bawan Allah, suka riƙa ƙara masa ruwan zafi ba tare da ya tambaya ba.

Kwana casa'in ya koma hamsin, ya koma talatin. Tsoro ya fara shigarsa sosai. Da safe yakan toshe kunnen hagu da yatsa, ko da yake ba amfani, ya buga cokali a gefen tukunya don ya ji ko na daman yana nan.

Saura kwana goma sha tara, wata Alhamis, aka turo wani ƙaton tsoho a keken guragu, an yanke masa ƙafa ɗaya daga gwiwa. Aka ajiye masa faranti. Kafin ya taɓa cokali, ya ɗaga farantin ya kara bayan hannunsa a ƙasansa, ya ture shi gefe, ya hau faɗa. Kuku bai ji ko kalma ba, amma ya san me ake cewa. Ya tashi har kofinsa ya kusa kifewa, ya je gabansa ya ƙame.

"Sajan, ni ne Kuku!"

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Ya yi magana, Kuku ya nuna kunnensa ya sunkuyo, tsohon ya maimaita da muryar da ya saba ba da umarni.

"Wane kukun? Kuku nawa na gani a rayuwata! Ban san ka ba."

"Na bayan igwa ta uku, Sajan."

"Kowa haka yake cewa in yana neman sa hannu. Ni ba na yi wa mutumin da ban sani ba shaida."

Kuku ya laluba aljihunsa. Ya zaro fom ɗin shaidar ya miƙa kawai. Hannun rigarsa ya ja baya. Tsohon bai karɓi takardar ba, wuyan hannun ya cafke ya juya shi. Akwai tabon ƙuna daga gindin babban yatsa har kusa da gwiwar hannu, na ranar da aka harba igwa kaskon mai ya kife.

"Wannan hannun na sani," in ji shi. "Wannan ne mugun hannun da ke girgiza ludayi nama ya koma tukunya! Wata goma sha huɗu ina kallonsa. Kai ne mai shi?"

"Ni ne, Sajan. Naman ne ba ya isa."

"Ƙarya kake. Zauna."

Ya sa tabarau ya karanta takardar ƙin amincewar, ya karanta abin da ake so ya rubuta. Fuskarsa ta canja. Mutum ne da ya bar aiki fayil ɗinsa fes, kuma yana ji da hakan fiye da yadda yake ji da ƙafar da ta rage masa. Ya rage murya, don akwai mutane a tebur na kusa.

"Ka san in na rubuta wannan, laifina na rubuta? Ni na karya ƙa'ida na matso da ku."

"Na'am?"

Ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

"Na'am, Sajan?" Kuku ya ƙara sunkuyowa, ya juyo masa kunnen dama, ya tare shi da tafin hannu.

Sajan bai faɗa a karo na uku ba. Ya daɗe yana kallon kunnen. Sannan ya ture farantin can, ya ce a ara masa biro. Ya cika shafi ɗaya da rabi, ya sa taki arba'in ɗin, ya sa maganar abin toshe kunne, ya rubuta cewa umarninsa ne. Da ya gama ya buga wa Kuku tsawa a kunne: "Me za su yi mini yanzu, su cire ɗayar?"

Kwamitin ɗaukaka ƙara mutum uku ne. Suka yi masa tambayoyi a rubuce, ya amsa, aka sake auna kunnen a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango. Wata biyar bayan nan takarda ta zo, an amince.

Ranar da aka ba shi na'urar, shi da matarsa duk sun ɗauka awo kawai za a yi, don haka ba ta raka shi ba. Sai ga likita ya maƙala masa wani ɗan abu a bayan kunne ya kunna. Duniya ta faɗo masa gaba ɗaya: fanka, takalma, takarda, wani na tari a waje. Kafin ya iso gida da la'asar kansa ya yi nauyi da ƙarar motoci. Ya ja hularsa ta rufe na'urar, ya shiga ya zauna a kujerarsa ta kullum, wadda ta juya wa ƙofar kicin baya, da niyyar ya huta minti biyar kafin ya nuna mata.

Ta leƙo ta kwaɗa masa "ka ci?" har sai da ya runtse ido. Ya gyaɗa kai. Ta koma wanke-wanke, ya ji ruwa na zuba, ya ji kwano ya taɓa kwano. Sai ya ji magana. Ya ɗauka baƙuwa aka yi, don muryar ƙasa-ƙasa ce, mai ɗan kaushi, ba wadda ya saba da ita a shekarun nan ba.

"Ka dawo ke nan, ko ka ce mini ga yadda aka yi. Kullum sai dai ka zauna ka ba ni ƙeya. Babbar 'yarmu ta kira, an canja wa mijinta wurin aiki, na ce kana gaishe ta. Ƙarya na yi maka, ka yafe. Miyar jiya gishiri ya yi yawa, na ga fuskarka, ka yi shiru don kada in ji haushi. To na ji. Ƙafar nan tawa kuma ta sake kumbura, yau mako uku, takalmi ma ba ya shiga. Ban faɗa maka ba. Da ihu zan faɗa, maƙwabta su riga ka ji?"

Ba ta tsayawa neman kalma, ba ta jiran amsa. Daga yadda maganar ke fita ya gane cewa ba yau ta fara ba. Kullum ne, a wannan lokacin, a bayan wannan kujerar, shekara da shekaru. Kunya da tausayi suka kama shi a tare, har ya riƙe hannun kujerar.

"Wace ƙafar?" ya ce, bai juyo ba.

Ruwan ya ci gaba da zuba na ɗan lokaci, sannan aka kashe famfo.

"Baban yara, tun yaushe kake ji?"

"Tun daga ƙeya."

Ta fito tana goge hannu a zaninta, tana ɗingishin da yanzu ya ji sautinsa a kan siminti. Ta ɗaga gefen hular ta ga na'urar. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna ta damansa, ta buɗe baki yadda ta saba za ta ɗaga murya, sai ta fasa.

"Ta hagu ce," ta ce a hankali.