Ammu Hussaini da Yaƙin Bakin Ƙofa

A unguwar Mahjar ta Jidda aka haifi Ammu Hussaini, wato Baffa Hussaini, a gidan da kakansa ya gina bayan ya ƙaraso hajji da ƙafa ta Sudan, ya waiwayi tekun da ya haye, ya ce shi da wannan ruwa sai a lahira. Hussaini ya tashi da Larabcin Hijaz a baki da Hausar kakanni a ciki, in ransa ya ɓaci sai su fito tare. Ƙuruciyarsa da girmansa duk a kan sitiyari ya ƙarar da su, yana jan bas tsakanin Jidda da Makka. A cikin bas ɗin kuma ya yi karatunsa, da kaset-kaset na tarihin yaƙoƙin farkon Musulunci, tun ana naɗe zaren kaset da biro har aka koma waya.

Labarin sara da suka bai dame shi ba. Shi abin da ke burge shi shi ne yadda ake karya zuciyar abokin gaba tun kafin ya iso. In bas ya wuce Bahra sai ya rage gudu, ya nuna hagu.

"Can Marruz Zahran yake, ya jama'a. Nan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kowa ya kunna wutarsa daban. Ƙuraishawa suka leƙo, suka ga kwari ya cika da wuta, suka ce wannan runduna ta fi ƙarfinsu. Halas, shi ke nan!"

Masu ihrami a baya su ce, "Yalla, ya Ammu, a taka mota."

A gida ma haka yake. In ya manta sayen burodi, tun daga matakala yake fara faɗan an bar fitila a kunne, don kada matarsa Rabi'a ta riga shi buɗe baki. Ita kuwa sai ta bari ya gama, ta ce, "Abu Badr, ina burodin?"

Da ya ajiye aiki sai ya koma mirkaz, bencin dattawa da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gidansa, inda ake shan shayi da na'ana'a bayan la'asar. Nan wata rana Mahmud mai kanti ya kawo labari: wani mai suna Thamer ya kama shagon da ke maƙwabtaka, yana da motocin tankin ruwa, kuma a inuwar nan zai riƙa ajiye su.

Dattawa suka ce a je a yi masa magana.

"Magana?" in ji Hussaini. "Wanda ya je roƙo ya nuna shi kaɗan ne. Washegarin Uhudu, da raunukansu sahabbai suka fita har Hamra'ul Asad, don kar maƙiyi ya yi tunanin dawowa. Ku bar min."

Bai gaya wa kowa shirinsa ba, don ya ji cewa rundunar da ta nufi Makka ta tashi ne ba a bayyana inda za ta ba. Ya jira ranar da Rabi'a ta tafi wajen ƙanwarta a unguwar Bani Malik, ya kira abokinsa Ya'u mai aiki a shagon hayar kayan biki. Ya'u ya sauke kujeru cike da mota ya tafi. Hussaini ya jera su layi-layi suna fuskantar juna daga ƙofarsa har bakin shagon Thamer, ya ja igiyar ƙwan fitila a sama, ya ajiye butocin gahawa. Ya kwaso duk wani tsohon takalmi da ke gidan ya zube a bakin ƙofa. Duk wanda ya gani zai san nan wurin jama'a ne, ba wurin tanki ba. Ya tsaya ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa a gaban na'urar sanyi. Barci ya yi awon gaba da shi.

Abin da bai tuna ba, a Jidda kujeru a jere da fitilu a ƙofar gida, babu kiɗa babu guɗa, ma'anarsu ɗaya ce: an yi rasuwa.

Ana fitowa daga magariba mutane suka fara tsayawa. Wani ya tambayi Mahmud wa ya rasu. Mahmud ya ce shi dai tun azahar bai ga Ammu Hussaini ba. Kafin a ankara labari ya kai unguwar Aziziyya wajen ɗansa Badr, ya taho a guje. Rabi'a ta sauko daga tasi, ta ga kujeru cike da maza sun sunkuyar da kai, ta saki jakarta ta ɗora hannu a ka tana salati.

Salatinta ne ya tashe shi. Ya yi maza ya saka farar jallabiyarsa, ya fesa turare, ya buɗe ƙofa. Ya ga babu kujera ko ɗaya da ba kowa a kai.

"Masha Allah!" ya ɗaga murya. "Runduna ta cika!"

Wani tsoho mai suna Hashim, wanda ya daɗe yana tafiya da sanda, ya tsallake kujera ya bar sandar a nan. Rabi'a ta matso, ta taɓa hannun mijinta, ta ji shi da ɗumi, sannan ta ɗauki jakarta ta sauke masa a kafaɗa.

A layin gaba akwai wani ƙaton mutum, idanunsa jajur, a gefensa manyan farantan shinkafa da naman rago. Hussaini ya tambayi ko wane ne.

"Ni ne Thamer, ya Ammu," in ji mutumin. "Ban taɓa ganinka ba, amma maƙwabci maƙwabci ne. Da na ji, sai na kwashe motocina can baya, na ce a dafa wa iyalan mamaci abinci. Alhamdu lillah ala salama."

Dole Hussaini ya yi bayani, a tsaye, a gaban duk Mahjar. Thamer ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce lallai a nan ya yi niyyar ajiye tankokin, amma ba zai iya da mutumin da ke mutuwa saboda inuwa ba. Tunda shinkafa ta riga ta zo, aka zauna aka cinye ta.

Tankokin ba su dawo ba, Thamer kuma ya zama ɗan mirkaz. Hussaini yana ba da labarin a matsayin nasara, ya ce ko mari ba a yi ba. Yaran unguwa da manyanta suna kiransa marigayi, yana amsawa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A tsayuwar nan da ya yi a bakin ƙofa ya ƙare wa kujerun kallo, bai ga surukinsa Abdulmohsen ba. Abdulmohsen ya rantse yana Ɗa'if a ranar. Hussaini ya ce Ɗa'if ba nisa, kuma har yau in sun haɗu da yatsu biyu yake ba shi hannu.