Bugu Biyu a Turmin Inna

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabi a wata sakandare a Tambuwal, kuma kowace shekara akwai jimlar da nakan rubuta a allo in ja mata layi biyu: marubuci ɗan 'yanci ne, ba mai ikon riƙe masa alƙalami. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar mini da ita ranar jarrabawa, ni kuma in ba su maki cikakke. Ba wanda ya taɓa tambayata a wuyan wa nauyin wannan 'yancin ke sauka. Ni ma ban tambayi kaina ba, tunda ba ya cikin manhaja.

Kawuna, wan mahaifiyata, ladan ne a wani ƙaramin masallacin unguwa a Kebbe, ya haura shekara talatin yana kiran salla. Bai yarda da agogo ba, ya ce ba zai jingina sallar mutane da abin da batir ke ƙare wa ba. Turke ya kafa a tsakar gida, ya ajiye duwatsu biyu a gefensa, yana matsar da su gwargwadon yadda shekara ta juya. Inuwar turke ta taɓa dutsen farko, azahar ta yi. Ta kai na biyu, la'asar. Mutanen unguwa suna taƙama da shi, har masu agogo kan saita nasu da kiransa.

Wani hutu da bazara na yi mako biyu a gidansa, sai na lura da wani abu. Idan lokaci ya gabato, Inna matarsa takan bar duk abin da take yi ta nufi turmi, ko babu ƙwayar gero a ciki, ta ɗaga taɓarya ta buga sau biyu. Sai Kawu ya miƙe, ya je gaban turke ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, ya gyaɗa kai, ya fita. A rana ta uku na gane. Yanar ido ta rufe masa gani. Yana bambance haske da duhu, hanyar masallaci kuma ƙafarsa ta haddace ta, amma inuwar turke ta ɓace masa. Inna ce ke duba masa.

Na tambaye ta a ɓoye. Ta ce, "Kai dai ci tuwonka."

Na ci tuwona, na koma Tambuwal, na rubuta labarin cikin kwana biyu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba, har yau kuwa. Na yi duk abin da nake koya wa ɗalibai: na canza suna, na ƙirƙiri gari, na ƙara wa Kawu tsawo, na sa masa gemun da ba shi da shi. Taɓaryar ce kawai na bari, don in an cire ta ba sauran labari. Na aika wa wani shirin rediyo da ke karanta gajerun labarai, aka karanta shi wata Asabar da yamma, aka faɗi sunana har sau biyu. Abokan aiki suka yi ta miƙo mini hannu, mako guda ina tafiya kamar an ƙara mini muƙami.

Bayan mako biyu mahaifiyata ta aika a kira ni. Ba ta ko tsaya mun gama gaisawa ba.

"An sauke Kawunka daga ladanci," in ji ta. "Ka ji daɗi?"

Abin da ban lissafa ba shi ne katangar gidan Kawu ta ƙasa ce, kuma gajera. Shekara uku maƙwabta suna jin bugu biyun nan kafin kowane kiran azahar da la'asar, ba su san fassararsa ba sai da na yi musu sharhi a rediyo, da sunana a ƙarƙashi. Aka fara cewa sallar unguwa tana hannun taɓarya. Idan Kawu ya ɗaga murya zai kira salla, sai wani a majalisa ya ƙwanƙwasa benci sau biyu, a fashe da dariya. Dattawan masallaci suka zauna, suka ba wani matashi ladancin, mai duba lokaci a waya.

Washegari na hau babur zuwa Kebbe. Hanyar tana girgiza ni, ni kuwa ina tsara hujjoji a kaina, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar darasin Litinin. Na fara da liman. Na ce masa a fiƙihu babu laifi marar gani ya yi ladanci idan yana da amintaccen da ke sanar da shi lokaci.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wannan babin na karantar da shi tun ba a haife ka ba. Ba hukunci munka rasa ba. Dariya mutane ka yi lokacin kiran salla. Mi zan yi da dariya? Akwai babinta cikin littafinka?"

Babu. Na duba daga baya ma.

Na sami Kawu a ƙarƙashin rumfa, zaune a tabarma, fuskarsa na kallon turke. Ya gane ni daga sallama.

"Marubuci na? Shigo, zamna."

Na durƙusa na gaishe shi. Inna ta ajiye mini ruwa, ta amsa gaisuwata da kalma ɗaya, ta koma bakin murhu.

"Kawu, wallahi na canza suna, na canza gari."

"Na ji. Har tsawo ka ƙara mani. Na gode, na daɗe ina so."

"Zan sake rubuta wani. In ce ƙirƙira ce, ba kowa nake nufi ba."

"Ƙarya kay yi cikin na farkon?"

"A'a, Kawu."

"To na biyun ne za shi zama ƙarya ke nan. Bar ni da guda, ya ishe ni." Ya shafa bakin tabarma. "Shekara ukku ni da ita ba mu taɓa furta zancen nan da baki ba, ko mu biyu cikin ɗaki. Kai kaz zo ka ci tuwo mako biyu, ka gaya ma jiha guda."

Na lalubi hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ban tarar da ko ɗaya ba. Na zauna ina kallon ƙasa, shi ya sa na ga lokacin da inuwa ta taɓa dutsen farko. Inna ma ta gani. Kafin ta tuna, ta riga ta kai bakin turmi, ta buga sau ɗaya. Taɓaryar ta tsaya mata a sama. Kawu ya dafa ƙasa, ya ɗago rabi, sannan ya koma ya zauna a hankali. Ta jingine taɓaryar a bango.

Muka zauna mu uku har inuwa ta haye dutsen ta wuce. Can sai lasifika ta yi ƙara, muryar matashin ta tashi.

"Ya makara," in ji Kawu. "Tashi ka tafi masallaci. Ni nan zan yi tawa."

Ba a mayar da Kawu kan ladanci ba, kuma tun ranar a gida yake azahar da la'asar. Jimlar nan kuwa har bana na rubuta ta a allo, saboda tana fitowa a jarrabawa. Layin ne dai na daina ja mata. Ɗalibai, da yake sun gani a littattafan yayyensu, sai su ja da kansu.