Hancin Shugaban Ƙasa

Bakina ne ya ja mini. Na daɗe ina cika wa 'yata baki cewa ina jin Faransanci, alhali abin da na tsinta a tashar Maraɗi bai wuce gaisuwa da zagi ba. Ran nan da rana tsaka ta ɗauke ni daga Bronx zuwa wata 'yar silima a Manhattan, wai malaminsu na jami'a ya ce su kalli wani fim na Faransanci, ni zan riƙa fassara mata.

Labarin wani tsoho ne, shugaban wata ƙasa, ciwo na cinsa, ya ƙi sakin mulki, ya ƙi nuna magaji. Ban gane ko jimla ɗaya ba. Ina dai gyaɗa kai ina cewa, "Siyasa ce, ba za ki gane ba."

Amma jikinsa na gane. Ni nake wankan gawar maza a masallacinmu tun zuwana Amurka, kuma ban taɓa koya wa kowa ba. Ko butar ban yarda wani ya riƙe mini ba sai ya kau da kai, don ina son a riƙa nemana. Na san yadda hanci yake tsini in tafiya ta matso, da yadda gefen goshi ke lotsawa. Duk sun yi wa mutumin nan. Da aka nuno shi yana neman ɓalle maɓallin rigarsa ya kasa, manyan ƙasa na tsaye babu mai ikon taɓa shi, sai na miƙe.

Na ce fitsari nake ji. A banɗaki na tsaya gaban madubi, ƙarƙashin farar fitilar nan marar kunya, ina juya fuska. Wallahi hancina ya yi tsini. Na latsa gefen goshina, yatsa ya shige. Na dafe bango, har wani Bature ya tambaya ko a kira motar asibiti.

A jirgin ƙasa muna komawa ina ta shafa hancina. 'Yata ta gama kallona, ta ce:

"Baba, shi dai shugaban nan, nasa suna da masu shirya shi. Kai fa, wa ya iya wankan a masallacin?"

Na duƙa ina gyara igiyar takalmina har muka wuce Harlem.