Kuɓewar Yaya Ta Tafi da Sunan Wata

Da damanar nan shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Yaya. Ta tafi lokacin da kuɓewa ke fure, Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni Talatu ni ce auta. Allah ya sa aka aurar da mu gida kusa da gida a nan Ƙarfi, danga ɗaya ce ta raba bayan ɗakinta da nawa. Na yi kuka na gaji, na yi mata sadaka, na yafe mata duk ranƙwashin da na sha da ƙuruciya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro har yau: gyandamar irin kuɓewarta, wadda ta bar wa wata ba ni ba.

Wanda bai san bayan ɗakin Yaya ba zai ce tsohuwa ce ke neman abin faɗa. Wurin ba wani girma gare shi ba, 'yan tabarmi za a shimfiɗa ya cika. Amma zogale ta jera ta yamma yana tare wa ƙananan shuka zafin la'asar, kabewa ta hau jinka ta yi zamanta, yakuwa da rama na bin danga, gauta da barkono a gefe guda, alayyahu da lalo a inda ruwan alwala ke gangarawa, daddoya a ƙofar ɗaki, ko zanenka ya goge ta sai ka yini kana ƙamshi. Ita kuwa kuɓewar tana tsakiya kamar amarya, doguwa, mai laushi, ba ta saurin tsufa a kara. Ɗan kaɗan za ka yanka yauƙi ya kama tukunya. A shekarun da mahara suka sa ana rufe ƙofar gari da wuri, gonar nesa ta gagara, rabin unguwarmu daga bayan ɗakin nan suka sha miya.

Ni ma ina da nawa, kada a ce ban gwada ba. Ƙasarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, kuma ban taɓa ganin hadari ya zo danga ya ja birki ya tsaya ba, ruwan da ya sauka a nata shi ya sauka a nawa. Amma mata sai su shigo gidana hira, su ci tuwona, su wanke hannu, su tashi su jingina da danga suna leƙen na Yaya suna cewa tubarkalla. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, in haka ne, ni na yi wa Yaya takin shukarta shekara da shekaru, ko sannu ba ta ce mini ba.

Ba ta yi mini rowar sani ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Da safe in ta fito da ƙwaryarta sai na ji muryarta ta tsallako danga, murya kuwa gare ta, ba ta san raɗa ba. "Ke Talatu, ruwan tsari ba a zubar da shi a kwata, a gindin shuka ake juye shi, da sassafe ko da yamma, ba da rana tsaka a kan ganye ba." Gobe kuma, "Ke Talatu, ɗanyen kashin awaki wuta ne, ƙone saiwa yake. A binne shi a rami sai ya daina wari yana murmushewa a hannu." Daga bakinta na ji cewa toka da raɓa ake barbaɗa wa ganye, don ta manne ƙwari su gudu. Daga bakinta na ji cewa irin kuɓewa a ruwa yake kwana kafin shuka, wanda ya taso sama fanko ne, a ba kaji. In sun tsiro da yawa a rami, a bar mai ƙarfi a cire sauran, tausayi ba ya cika tukunya. Inda barkono ya zauna bana, baɗi a ba wa wani wurin. Daddoya a dinga tsinke mata kai kafin ta yi fure, in ba haka ba ta miƙe ta tsufa ta bar ka da kara. Duk na haddace, har da inda take jan numfashi.

Ƙa'ida ɗaya ce muka yi ta ja a kanta har ta koma ga Allah. Yaya ba ta taɓa kuɓewar da ta fara fitowa. Sai ta ɗaura mata 'yar kaba a wuya don kowa ya sani, ta bar ta a kara ta ƙosa ta bushe har ta fara tsagewa, daga ita ake ɗibar iri. Sai a cakuɗa shi da toka a zuba a gyandama, a toshe bakin, a rataye saman murhu inda hayaƙi ke bugawa. Cewa take na fari shi ke ɗauke da ƙarfin uwa, na ƙarshe gajiyarta ya gada. Ni kuwa gidana gidan baƙi ne. Ta yaya za a yi baƙo ya sauka, ga ɗanyar kuɓewa tana kallona ina kallonta, in kaɗa masa kuka? Sai in tsinke, in ce na bar na baya. Har yau ban ga laifina ba, baƙon ya ci ya sa albarka. Sai dai kuɓewata kowace shekara gajarta take yi, har ta koma kamar ɗan yatsan jariri.

Yaya tana da ɗan fari, Audu. Kun san alkunyar mutanenmu: ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan", in ya shigo ta kau da kai. Da ya auro Dije daga Dayi sai alkunyar ta hau kan matar. Gida ɗaya suke, amma ban taɓa jin Yaya ta fuskance ta da magana ba, ita ma yarinyar in ta gaishe ta daga bakin ƙofa take durƙusawa, idonta a ƙasa. Ni ce ke wasa da ita, ni ce ke ba ta goro. Ko a mafarki ban kawo ta cikin zancen shuka ba.

Da ciwo ya kwantar da Yaya, ni na yi jinya. Ana saura kaɗan ta cika ta ɗaga ido sama wajen murhu. Na ce a raina yau gyandama ta zo gida. Sai ta ce, "Ke Talatu, sauko da abin can, ki miƙa wa 'yar mutanen Dayi." Na ce, "Yaya, wa?" Ta ce, "Kurma kika zama?" Da hannuna na sauko da ita, da ƙafata na kai.

Bayan an yi arba'in ina zaune ina ta juya abin, sai kunnena ya dawo mini da wani abu da ya daɗe da ji, zuciyata ce ba ta kula ba. Duk safiyar da Yaya ta ɗaga murya ta ce "Ke Talatu", taɓaryar da ke daka a tsakar gidansu shiru take yi. Sai Yaya ta gama, sannan daka ya ci gaba. In ba daka ba, to Dije ta ɗauko mazarinta ta zo gindin danga tana kaɗi, wai inuwa take bi. Ashe ba da ni ake ba. Yaya ba ta iya yi wa matar ɗan farinta magana, sai ta mai da ni bango tana jefa zance yana komawa inda take so. An bar jaki ana dukan taiki, ni ce taikin, shekara da shekaru ina amsa "to, Yaya". Abin da na samu a ciki shi ne, har yau a unguwar nan in yarinya ta zuba wa shuka ruwa da rana, sai ka ji uwarta ta ce, "Kai, wannan Talatu ce."

Nakan zauna in ce da Yaya za ta leƙo yau, me za ta ce? Gari ya cika, bayan ɗaki da yawa an gina ɗakuna a kai. Amaren yanzu sun fi son a sayo musu busasshiyar kuɓewa a kasuwa, da wadda tsutsa ta ci da wadda ta shekara, duk su daka. Na san za ta yi tsaki. Amma in ta leƙa bayan ɗakinta ba za ta sami abin gyarawa ba, wannan kuwa shi ya fi ci mini rai. Dije ba ta bar ko ƙa'ida ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Kabar nan tana wuyan 'ya'yan fari duk damana, gyandama tana shan hayaƙi. Ga ta da sakin hannu, duk wadda ta roƙi iri sai ta ƙulla mata a tsumma. Fatake sun ɗauka sun kai Dandume, an kai Malumfashi, an kai ƙauyukan da ban san sunansu ba.

Wata rana ƙanwar maigidana ta zo daga can wajen Dandume, tana ba ni labarin wata kuɓewa da ta shigo garinsu. "Ba ki gan ta ba, doguwa, ga yauƙi. 'Yar Dayi ake ce mata." Na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce, "'Yar wa?" Ta maimaita. Kuɓewar da Yaya ta zaɓa da hannunta tun muna amare, wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Dayi ba sai da aka kai ta! Na yi ta cika ina batsewa, na ce wato bai ishi Dije ta ɗauke gyandama ba sai ta haɗa da suna. Duk shekarun nan ban taɓa roƙonta ko ƙwaya ɗaya ba. Ta sha aiko mini da ɗanya a faifai, in karɓa in yi miya, amma iri, na ce ko zan mutu da gajeriyata ba zan miƙa hannu ba.

Girman kai rawanin tsiya. Bana da hadari ya fara haɗuwa na yafa zane na zagaya ta ƙofar gida, ban leƙa ta danga ba, don zuwan na magana ne. Dije, wadda yanzu ita ma furfura ta fara mata, ta shimfiɗa mini tabarma ta durƙusa. Na ce, "Na ji kuɓewa ta zama taku, mutanen Dayi. Allah ya sanya alheri."

Ta ce, "Inna, in sun karɓa sukan tambaye ni ta wace ce. Me zan ce musu?"

Na ce, "Ki faɗi mai ita mana. Ba ki da baki ne?"

Ta ce, "Inna, ni in kama sunanta? Da bakina?"

Nan na gane. Suruka ba ta faɗin sunan uwar mijinta, tana raye ko ta mutu. Audu ma ba zai faɗa ba. In an tambayi Dije sai ta sunkuyar da kai ta ce ta gidanmu ce, mutane kuma suka ga 'yar Dayi ce ta ba su, suka raɗa wa kuɓewa suna. Wadda ke da irin ba ta iya faɗin sunan, ni da nake iya faɗa ba ni da irin, ina can bayan danga ina kumburi. Sa'o'in Yaya duk sun tafi. In na bi su, shi ke nan.

Ta tashi ta sauko da gyandamar, ta zazzaga mini a tafin hannu har toka na zuba ta tsakanin yatsuna. Ba ta ce mini in kiyaye na fari ba, tana da kunya, amma na ga maganar a bakinta.

Na shuka. Ba zan ɓoye muku ba, ta Dije ta fi tawa tsawo har yanzu, kuma duk safiya sai na leƙa na gani na ji haushi. Kishin nan ban ce ya tafi ba, da shi za a binne ni. Da Yaya ta ba ni gyandamar nan tun farko, wataƙila da tuni baƙi sun cinye ta, na sani, amma da na so a ce ni ta zaɓa ko da kuskure ne. Mutum yakan bar gida, magada su raba, yakan bar zane, ya tsufa ya yage. Yaya abin da ta bari yana tsirowa duk damana a bayan ɗakunan matan da ba su taɓa ganin fuskarta ba, yana shiga miyar 'ya'yansu.

To, ku da kuke da ita a bayan ɗaki, daga nan har Dandume, ku ji daga bakin da ke da ikon faɗa. Ba 'yar Dayi ba ce, a Ƙarfi aka haife ta. In kun tsinka kun ga yauƙi ya kama tukunya, ku yi wa mai ita addu'a. Sunanta Hansatu.