Gero a Ɗakin Suwic

Ba ni da shago, ba ni da allo a bakin titi. Sunana kawai ke kawo mini aikin jan wayar kwamfuta daga Birnin Kudu har Gwaram, shi ya sa ba na wasa da shi.

Wani Alhaji a Gwaram ya buɗe wurin koyon kwamfuta, ni na ja masa wayoyi ta cikin silin. Na kafa suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutocin, a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Komai lafiya har kaka ta yi. Sai labari ya iske ni a garin Sundimina cewa Alhaji yana faɗa a majalisa wai wayar jabu na sa masa. Raina ya ɓaci sosai. Ban ko koma gida ba, na juya babur.

Ina buɗe ɗakin, ƙamshin sabon gero ya tare ni. Buhuna ne har kusa da silin, suwic ɗina na leƙowa ta bayansu kamar ɗan haya. Alhaji ya duba duk ginin, ya ga nan ne kaɗai mai kwaɗo mai kyau, ya mai da shi rumbu. Rabin fitilun suwic sun mutu. Na sauya wa wayoyin rami a jikin suwic ɗin, fitilunsu ba su kawo ba, sai na san ba akwatin ne da matsala ba. Na bi waya da hannu har bayan buhu, sai ga ta a gwaigwaye, ga kashin ɓera.

Na yanko guntun na kai masa majalisar da ya ɓata ni, na ajiye a kan tabarma. Na ce a fitar da geron, in gyara, kuma ya faɗa wa mutanen nan abin da ya ci wayar. Ya yi dariya, ya ce ɓera ba ya cin waya mai kyau, zai kira ƙwararre daga Kano. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Ƙwararren ya zo, ya ja sabuwa, ɓeraye suka samu canjin abinci. Kafin damina sai ga kiran Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, wai in zo mu daidaita tsakaninmu, ba sai kowa ya ji ba.

Na ce, "Alhaji, geron yana nan?"

Ya fara kame-kame.

Na ce, "To, ni ma ina nan Birnin Kudu."