Ƙafafun da Ke Ƙarƙashin Tankin Injiniya

Ranar Asabar ce. Da sassafe ɗana ya share tsakar gida, ya shimfiɗa kwali kusa da motarsa, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba. Ya daɗe yana tara kayan: sababbin sifirin da shokozoba, don motar ta ɗan ɗaga, ta daina gogar ƙasa a hanyar wurin aikinsa. Shi ba makanike ba ne, a ɗakin gwajin jini yake aiki. Amma ba ya taɓa noti sai ya tabbatar da sifanar da ta dace da shi.

Da hantsi ya leƙo kicin ya ce, "Umma, bari in je wurin Kawu in karɓo ƙafafuna." Yana nufin ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kansu bayan an ɗaga ta, don jak ɗagawa kawai yake yi, ba a dogara da shi a shiga ƙarƙashi. Tun bara yayana ya are su.

Ya kamata in faɗi wane ne yayana. Unguwa na kiransa Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Yana saurayi ya ɗan zauna a wani gareji yana miƙa wa masu aiki ƙarafa, daga nan ya gama ilimi. Ya gyara fankar mahaifiyarmu, ta daina juyi gaba ɗaya, ya ce dama tsufa ne. Ya gyara firijin maƙwabci, aka sayar wa masu gwangwan. Kayan aikinsa guduma ne da waya da sukudireba mai karyayyen baki. Sauran duk na aro ne, kuma abin da ya shiga gidansa ba ya gane hanyar fita.

Wajen azahar suka dawo tare, babu ƙafafun.

Na ce, "Yaya, ina ƙarfen?"

"Suna bakin aiki," in ji shi. "Tankin ruwana na ɗora a kai. Ke Malama, koma kan tukunyarki. Mu da muka ɗaga tirela da dutse, wannan akwalar ce za ta ba mu wuya? Kai, ɗauko bulo a bayan gida."

Ɗana ya ce, "Kawu, bulo fa ramuka ne a cikinsa. Takardar kayan ta ce..."

"Takarda! Ka taɓa ganin takarda a ƙarƙashin mota? Tsoro ne kawai irin na 'yan boko. Sa abinka, ai ina nan."

Ɗana bai iya musu da babba ba. Ya ɗauko bulo.

Na kai musu abinci. Injiniya ya cinye nasa, ya taya yaron cin rabin nasa, ya kishingiɗa a kujera yana nuna noti da babban yatsan ƙafa. Gab da la'asar aka kira shi a waya, wai janaretan wani ya ƙi tashi. Ya karkaɗe riga ya fita. Ƙarshen "ina nan" ke nan.

An riga an cire taya, an janye jak zuwa ɗaya gefen, motar na kan bulo. Wani noti ya ƙi kwancewa, ɗana ya shiga ƙarƙashi ya ja da ƙarfi. Ina wanke kwano na ji ƙarar faɗuwar motar. Ba ta da yawa, kamar an sauke buhu.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba.

A zaman makoki Injiniya ya fi kowa kuka, ya kuma fi kowa bayani. Ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Sai ya ƙara da cewa bulon zamani ne babu siminti, a zamaninsu ba haka yake ba. Kafin baƙi su watse labarin ya girma: shi ya hana yaron, yaron ne ya ƙi ji. Daga bayan labule na ji wannan.

Tufafin ɗana na raba wa abokansa. Littattafansa na aika wurin aikinsa. Mahaifinsa ya sayar da motar, na roƙi kada a gaya mini wanda ya saya. Saura akwatin kayan aiki.

Ba a jima ba Injiniya ya zo, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ajiyar zuciya.

"Ƙanwata, akwatin nan kada ya yi tsatsa. Ki ba ni in riƙa tunawa da shi."

"Ka fara kawo ƙafafun, Yaya. Kayan su cika."

Ya dube ni kamar na zautu. "To tankin fa? In na cire ai faɗuwa zai yi."

"Ka sa bulo."

"Bulo?" Har da dariya. "Ke kin san nauyin ruwa kuwa? Ai rugujewa zai yi."

Na jira ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Sai ya tambaya ko akwai sauran abinci.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona, sifanonin a jere yadda ɗana ya saba jera su. Ƙafafun suna can suna riƙe da tankin.